Zinaren da ke komawa ja: hanyar karatun nano daga Zamfara

A makon nan za mu duba wani fanni da ake zurfafawa a cikinsa a digiri na biyu da na uku, wato kimiyyar nano, da abin da ya haɗa shi da mu 'yan Anka, Gummi da Bukkuyum.

Mene ne nano? Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kowane kashi shi ne nanomita. Kaurin silin gashi guda ya kai kusan nanomita 80,000. Masu wannan karatu suna aiki ne da abubuwan da girmansu ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100, domin a wannan ƙanƙanta halin abu yakan canza. Mun san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙule saurin narkewa, saboda ruwa na taɓa ta ta ko'ina. Idan aka ci gaba da ƙanƙanta abu, har launinsa yakan sauya. Zinare da muka sani mai ruwan ɗorawa, idan aka mai da shi ƙwayoyin nano a cikin ruwa, ja yake komawa. Jan layin nan da ke fitowa a tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro a asibiti, yawanci irin waɗannan ƙwayoyin zinaren ne.

Mu kuwa mun san zinare ta wata fuska mai ɗaci. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bankaɗo yadda yara ke mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Duwatsun da ake haƙowa suna ɗauke da dalma, ana niƙa su a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannuwan yara. Yara fiye da 400 suka rasu. An yi aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ana zuba sabuwa, aka kai ga Bagega a 2013. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma ido ba ya ganin ta a ruwa ko a ƙura.

A nan ne masu binciken nano ke da abin yi. Wasu na haɗa ƙwayoyin zinare da ke sauya launi idan suka gamu da dalma, don a samu gwaji mai araha. Wasu na haɗa ƙwayoyin ƙarfe da ke kama dalma a cikin ruwa, sannan a janye su da maganaɗisu. Yawancin wannan aiki yana ɗakin gwaji har yanzu. Ana buƙatar wanda zai jarraba shi da ruwan rijiyoyinmu, wanda ya san zafinmu da ƙurarmu, yake kuma jin yaren masu haƙar.

Ta ina ake bi? Ba a tsallake matakala. Daga aji huɗu na sakandare ake farawa: ajin kimiyya, da kiredit a Lissafi, Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a WAEC ko NECO, sannan JAMB. Digirin farko zai iya zama Kemistiri, Fiziks ko Injiniya, a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Bayero a Kano, ko Ahmadu Bello a Zariya. Sakamako mai kyau a nan shi ke buɗe ƙofar digiri na biyu da tallafin karatu. A Abuja, jami'ar AUST tana ba da digiri na biyu da na uku a kimiyyar kayayyakin ƙere-ƙere, fannin da nano ke cikinsa. A Afirka ta Kudu kuma akwai digiri na biyu a kimiyyar nano kanta, a jami'o'i irin su Western Cape da Johannesburg.

Kada ƙarancin kayan gwaji a makarantunmu ya sare mana gwiwa. Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester da ke Ingila sun yi amfani da salatef wajen ɓare baƙin abin da ke cikin fensir, har suka samu shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2010.

Aikinmu na wannan mako, mata da maza: mu nemo dalma da zinare a jadawalin sinadarai, alamominsu Pb da Au, mu tambayi malamin Kemistiri me ya sa ake samun su tare a dutse ɗaya. Wanda kuma ake niƙa dutse a gidansu, ya tuna wa manya cewa wurin niƙa nesa da yara yake.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.