NAZARI: Gwajin ruwan laka na hango gigin tsufa da wuri, amma me zai tsinana wa Mubi?

A watan Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko da ke taimakawa wajen gano cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke jawo gigin tsufa. Shekaru 3 kafin nan ta amince da makamancinsa da ake yi da ruwan laka, wato ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya. Labarin ya yi nisa da gari irin Mubi, inda dattijon da ya fara ɓata hanyar gidansa ake cewa tsufa ne kawai, wani lokaci ma a alaƙanta abin da iskoki ko sammu. Sai dai tambayar da ya taso da ita tana kan teburin masu tsara kasafin lafiya a Abuja: ina ya kamata ɗan kuɗin da ake da shi ya fara zuwa?

Abin da gwajin ke aunawa furotin ne iri biyu. Na farko, amiloid, yana taruwa ya daskare tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, don haka sai adadinsa ya ragu a cikin ruwan laka. Na biyu, tau, yana ƙaruwa a ruwan yayin da ƙwayoyin suka fara lalacewa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Sin, wanda ya bi mutane tsawon shekaru 20 aka wallafa shi a 2024, ya nuna amiloid na fara sauyawa shekaru 18 kafin likita ya tabbatar da cutar, tau kuma shekaru 11, alhali raunin tunani ba ya bayyana a gwaji sai saura shekaru 6. Ma'aikacin da ya yi ritaya yana da shekara 60 cikin ƙoshin lafiya na iya ɗauke da farkon cutar ba tare da shi ko iyalinsa sun sani ba.

Matsala ta farko ita ce ma'aunin da ake yanke hukunci da shi. Galibin alƙaluman da ke raba mai cuta da mai lafiya an samo su ne daga Turawa. Bincike a Amurka ya gano cewa baƙar fata na nuna ƙarancin tau a ruwan laka idan aka kwatanta da fararen fata masu irin yanayinsu. Aikin haɗin gwiwa na Ibadan da Indianapolis, wanda marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun ya kasance cikin jagororinsa, ya ruwaito a 1995 cewa gigin tsufa ya shafi kusan kashi 2.3 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, amma kashi 8.2 na baƙaƙen Amurka a Indianapolis. A Zariya, binciken da aka wallafa a 2011 ya samu kusan kashi 2.8. Ma'aunin da aka yanka wa wasu, idan aka ɗora shi kan dattawan Adamawa ba tare da gyara ba, zai iya wanke mai cuta ya kuma tsorata mai lafiya.

Ta biyu ita ce amana da kayan aiki. Ɗibar ruwan laka da allura ba baƙon abu ba ne a Arewa, saboda da shi ake tabbatar da sanƙarau. Amma annobar 1996 ta bar tabo: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano ya kai ga shari'ar da aka sasanta a 2009 kan Dala miliyan 75. Duk mai neman soka wa dattijo allura a baya da sunan bincike sai ya fara samun yardar sarakuna, malamai da iyalai. Samfurin da za a adana don bincike kuma yana buƙatar firiza mai tsananin sanyi da wutar da ba ta yankewa, ga tazarar kusan kilomita 200 tsakanin Mubi da asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola.

Ta uku, idan an gano cutar, sai me? Maganin lecanemab, wanda Amurka ta ba cikakken izini a Yulin 2023, yana rage saurin taɓarɓarewa ne da kusan kashi 27 cikin watanni 18, ba ya warkarwa. An sa farashinsa Dala 26,500 a shekara, abin da ya zarce albashin shekaru 30 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Ana kuma ɗura shi ta jijiya duk mako biyu, tare da hoton ƙwaƙwalwa a kai a kai saboda haɗarin kumburi da zubar jini.

Inda riba take a bayyane take. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 na gigin tsufa na da nasaba da abubuwa 14 da za a iya magancewa, ciki har da hawan jini, ciwon siga, raunin ji, raunin gani, shan taba, ciwon damuwa da kaɗaici. Na ƙarshen nan biyu suna da nauyi a garin da Boko Haram ta mamaye a ƙarshen Oktoban 2014, ta tarwatsa iyalai. Haka nan wasu abubuwan da ke kama da gigin tsufa, kamar ƙarancin sinadarin B12 da raunin aikin ƙwayar maƙogwaro, gwajin jini mai rahusa ke gano su, kuma suna da magani.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta 2018, da manufar ƙasa kan tsufa ta 2021, da dokar inshorar lafiya ta 2022, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. Abin da ya rage shi ne a juya su zuwa layi a kasafi. A sanya awon jini, awon ji da ɗan gajeren gwajin tunani da Hausa da Fulfulde cikin hidimar cibiyoyin lafiya na matakin farko. A ware kuɗi ga asibitocin koyarwa na Yola, Maiduguri, Kano da Zariya su tattara alƙaluman ruwan laka da na jini na mutanen yankin, domin a samu ma'aunin gida kafin gwajin jinin ya cika kasuwa. A kuma kafa ƙa'idar sirri tun yanzu, don kada sakamakon gwaji ya zama hujjar hana ma'aikaci ƙarin girma ko inshora.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ke fama da gigin tsufa a 2021, fiye da kashi 60 cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Ga Mubi, gwajin ruwan laka aikin masu bincike ne a yanzu, kuma ya cancanci a ba shi kuɗi a wannan matsayin. Kariyar da dattijon yau zai iya samu tana cikin na'urar awon jini da ƙwayar maganin da ba ta yankewa a asibitin unguwarsu.