A Buɗe Wa Kowace Mota Littafin Gyara

Yau maganarmu a kan motocin da ke ɗauko mana hatsi ne, daga Dandume da Giwa da Saminaka zuwa Dawanau, da waɗanda ke saukar da shi Kudu.

Kowane ɗan kasuwa yana da littafin bashi, ko kwabo ba ya ɓace masa. Amma motar da ta fi kowane bashi kuɗi, da wuya ka sami mai rubuta abin da take ci. In ta lalace, direba ya zo ya karɓi kuɗi, bakanike ya gyara, shi ke nan magana ta wuce. Shekara ta zagayo, a tambayi mai mota ko ta ci riba, sai ya ce yana tsammani. To, tsammani ba lissafi ba ne. Tun da aka saki Naira a shekarar 2023 kayan gyara suka yi tsada, ba lokacin da za a bi mota da ka ba ne.

Abin da muke kira a yi mai sauƙi ne. A sayi littafi guda, a sa lambar motar a bangonsa. Duk ranar da aka taɓa ta a rubuta abu biyar: kwanan wata, abin da ya lalace, kuɗin kaya da na aiki, sunan garejin, kana kwana nawa ta yi a tsaye. A ƙara da gas ɗin da ta sha a kowace tafiya, da ranar juyen baƙin mai. Da ajami ko da boko, duk ɗaya ne.

Amfanin yana fitowa ne ranar da aka zauna aka karanta. In littafi ya nuna mota ta yi zafi sau uku cikin wata biyu, kowane karo ana wanke lagireto, to ciwon yana wani wuri, a sa a duba kan inji. In taya tana cinyewa ta gefe guda, a duba saitin ƙafa. In sifirin yana yawan karyewa, a tambayi lodi: tirelar tan 30 buhu 300 ne na kilo 100, wanda aka ɗora a kai ribarsa gareji take tafiya. In baƙin mai yana raguwa fiye da da, inji ne ke ba da sanarwa.

Daga nan sai shawara ta fito. Motar da littafinta ya yi tsabta ita ake turawa Legas, tafiyar wajen kilomita 1,000. Mai yawan tsayawa a bar ta kasuwannin kusa. Wadda kuɗin gyaranta ya kai abin da take kawowa, a sayar tun tana da daraja. Babban gyara kuwa a yi shi da damina, kafin gero ya shigo, domin kwana goma a gareji lokacin kaka ya fi wata guda na damina zafi. Farashi ba ya jiran mota.

Wasu za su ce direbobi za su ɗauka tuhuma ce. Mu a ganinmu littafin nan kariya ce ga direba na gari, don shi zai shaida cewa tun wata biyu ya faɗa birki ya yi sanyi, mai mota ne ya ce a lallaɓa. Dillalan lodi ma, kafin ku ɗora dukiyar mutane a kan mota, ku nemi ganin littafinta.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai matafiya lafiya. Wassalam.