Ba ado ba ne, gumi ne

Jama'a, wanda ya ga ƴan matan Amurka a talabijin suna tsalle da kirari a bakin filin ƙwallo zai ce ado ne kawai. Mu dai muna ganin an raina wannan wasa da suke kira ciyalidin.

Maza ne suka fara shi a jami'ar Minesota a 1898, mata suka rinjaye su lokacin yaƙin duniya na biyu. Yau har gasa ake yi, da alƙalai da maki. Minti 2 da rabi ake ba kowace ƙungiya, bayan watanni ana horo. Mutum 3 ko 4 su cilla yarinya sama, ta juya a iska, su cafe ta. Mai ɗaukar kaya a ka ta san abin da tuntuɓe guda ke jawowa. To, a nan kayan ɗiyar wani ce.

A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kusan kashi 2 cikin 3 na munanan raunukan ƴan wasa mata a sakandare daga nan suke, irin su karayar wuya. Ta nemi a lissafa shi cikin wasannin motsa jiki, don a samar da ƙwararrun masu horarwa da kulawar likita. Sai a 2021 kwamitin Olimpik ya amince da hukumarsu ta duniya gaba ɗaya.

Abin da aka ɗauka ado, ba a yi masa tanadi. Mu da ake ce wa zaman kasuwa hira ne, bai kamata mu raina gumin wani ba.