Tsohon Injin Mota: A Duba Ciki Kafin A Yi Tayi

Duk wanda ya san ƙasar Bagudo ya san arzikinta a kan hanya ya ke. Tana bakin kogin Kwara, ta yi iyaka da ƙasar Benin, wadda a ke kira Dahomey har zuwa 1975. Daga Tsamiya a kan miƙe zuwa Segbana, daga Lolo kuma a kan bi ta wajen Malanville. Shinkafa da albasa da dabbobi duka a bayan manyan motoci su ke tafiya, ran babbar mota kuwa injinta. Don haka cinikin tsohon inji ba ƙaramar magana ba ce a wannan yanki. Mutum ya kan sayar da shanu ko ya jinginar da gona don ya sayi inji guda, in ya yi kuskure gida duka ya ji a jika.

Ra'ayinmu shi ne, kada kowa ya yi tayin inji sai an buɗe cikinsa a gabansa. Yawancin tsofaffin injunan nan daga Turai a ke kawo su ta tashar jirgin ruwa, irin ta Kwatano. Dillali ya wanke inji, ya shafa masa fenti, ya rantse jiya a ka cire shi daga mota mai lafiya. Wanda ya biya a kan wannan rantsuwa ya yi cinikin biri a sama.

Tsohon inji iri uku ne. Akwai wanda za a gyara ya koma aiki shekaru. Akwai wanda ya mutu amma sassan jikinsa na da rai. Akwai kuma wanda ya zama ƙarfe kurum, sai 'yan gwangwan su ɗora a sikeli. Kuɗin kowanne dabam ne, hasara kuwa ta kan zo ne in an sayi na biyu ko na uku da kuɗin na farko.

Ga yadda a ke rarrabewa. Injin gas ba shi da fulogi. Iska a ke matsawa cikin silinda har ta yi zafi, sa'an nan nozul ya fesa mai ya kama da wuta. Ashe in fistin da ringi sun cinye, iska na sulalewa, ƙarfin inji ya tafi. Saboda haka a tada shi da sanyin safiya, tun bai ɗumama ba, gama mai wayo ya kan ɗumama inji kafin mai saye ya iso. A dubi hayaƙi. Baƙi ya kan nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, wannan sau da yawa gyaran nozul ne, da sauƙi. Shuɗi ya nuna inji na ƙona baƙin mai. Fari wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi abin tsoro ne, don mai yiwuwa ruwa ke shiga silinda.

In inji a ƙasa ya ke, ba halin tadawa, a sa ƙarfe a juya karanshaf da hannu. In ya cije, ko dai ya buga, ko ruwan sama ya shiga ya yi tsatsa. A zare ma'aunin baƙin mai. In man ya koma kamar kunu, ruwa ya gauraya da shi, watau gasket ya ƙone ko wani wuri ya tsage. A kwance kwanon da ke ƙasa, a shafa da yatsa: in an ji ɓarɓashin ƙarfe, karanshaf ya ci mazauninsa. A kan iya kai shi wurin masu sassaƙa su rage kaurinsa da rubu'in milimita, amma ragin yana da iyaka, wanda an riga an rage sau uku ko huɗu ya kusa kabari. Daga ƙarshe a goge gangar jikin inji a nemi tsaga ko tabon walda. In gangar jiki ta fashe, a daina zancen gyara. Sai a ƙiyasta famfon mai, da murfin silinda, da abin tada inji, kowanne da kuɗinsa, sauran kuma a bar wa sikeli.

Wani abin lura kuma shi ne samun kayan gyara. Injin Mercedes mai silinda shida da a ke kira OM352, wanda a ka fara ƙerawa a 1964, ya daɗe yana jan motocin nan masu lamba 911, makanikai sun san shi ciki da waje. Irin wannan ko ya tsufa ya fi baƙon inji sabo-sabo wanda in ringi ɗaya ya karye sai mota ta yi wata uku a kan duwatsu.

Sai lissafi, nan ne malaman makaranta za su taimaka. A haɗa kuɗin saye, da na kayan gyara, da ladan makaniki, da kuɗin ɗauko shi, da haƙƙin kwastan. In jimla ta kai kashi biyu cikin uku na kuɗin inji mai lafiya, mu dai shawararmu a haƙura. A tuna kuma a ƙetaren iyaka da sefa a ke ciniki, sefa kuwa a ɗaure ta ke da kuɗin yuro tun 1999, naira kuma ta faɗi ƙwarai bayan an sake ta a Yuni 2023. Lissafin bara ba ya aiki bana. Kada kuma a manta da takarda. A 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, a Agusta 2019 kuma a ka rufe iyakokin na tsawon fiye da shekara. Dokar iyaka ta kan sauya, don haka a nemi rasiɗin da lambar inji ke kai, a gwada ta da wadda a ka buga a jikinsa.

Wani zai ce mai sayarwa ba zai yarda a kwance masa kaya ba, araha kuma ba ta jira. Gaskiya ne, wani lokaci mai gaggawa ya kan dace. Amma wanda ya ƙi a kwance kwano na rabin awa, ya riga ya gaya maka abin da ke ciki. Malamanmu na fiƙihu sun hana ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye ikon mayar da ita in aibi ya bayyana. To, wa za a mayar wa inji bayan dillali ya ƙetare iyaka?

Akawuna kuma ga naku. Tun zamanin En'e, kafin ƙananan hukumomi su gaje ta a 1976, motocin hukuma kan tsufa a yi gwanjonsu. Ɓarna biyu ke faruwa a nan: a zuba kuɗin jama'a a kan mataccen inji, ko a sayar da mai rai a kuɗin ƙarfe ga wanda a ka sani. Kada akawu ya rubuta takardar biya, ko ya sa mota cikin jerin gwanjo, sai makaniki ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Dukiyar talakawa ce, amana ce a wuyanku. Allah ya sa mu gane, amin.