Kuɗin da ke Wucewa ta Hannun Sabon Direba

Da zarar hunturu ya kama, aka fara saran rake a fadamun Makarfi da Kudan, tumatirin rani kuma ya fara nuna a gonakin Ikara, sai manyan motoci su yi jerin gwano a bakin kasuwanni suna jiran lodi. A irin wannan lokaci ne matashin da ya gaji da zaman kashe wando yake ganin direban tirela ya zaro damin kuɗi daga aljihu yana sallamar masu lodi, sai ya ƙudurta a ransa cewa ga sana'ar da za ta fitar da shi kunya. Abin da bai sani ba shi ne, mafi yawan kuɗin nan baƙi ne a aljihun direban. Kwana ɗaya ko biyu za su yi, su kama gabansu.

Hanyar shiga sana'ar sananniya ce. Yaro yakan fara da zama karen mota, yana wanke ta, yana sa wa taya waigi, yana kwana a ƙarƙashinta don gadin kaya, har shekaru su tura kafin maigidansa ya fara sakar masa sitiyari a inda hanya ta miƙe. Akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Zariya, wadda aka kafa a 1986, tana kuma horar da direbobi, amma galibin 'yan wannan yanki a jikin mota suka koya. Bayan ya sami lasin ajin G na tuƙa tirela, sai wani mai mota ya damƙa masa makulli bisa shaidar maigidansa. Ba takarda, ba sa hannu. Amana ce kawai, ita kuwa amana ba ta faɗin nawa ne albashi.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Daga kuɗin lodin da 'yan kasuwa suka biya don kai tumatir kasuwar Mile 12 a Legas, ɗan kamasho zai cire nasa tun a tasha. Man gas zai lashe kaso mafi tsoka, musamman tun 2022 da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Sai kuɗin ƙungiya, da harajin jihohi da ƙananan hukumomin da za a ratsa, da abin da ake miƙawa a shingaye, wanda ba shi da rasit. Sai abincin direba da na yaransa, da facin taya. Mai mota kuma yana jiran balas ɗinsa cif. Abin da ya rage bayan wannan duka, shi ne rabon direba.

A nan ne sabo ya bambanta da tsohon hannu. Tsohon direba yana da dillalan da za su samo masa lodin dawowa, ko siminti ko takin zamani ko kayan masarufi, ya kuma san bakanikan da ba za su cuce shi ba a Mokwa ko Jebba. Sabo yakan yi mako a Legas yana cin guzurinsa kafin ya sami abin ɗauka, ko ya dawo wayam. Shi ake ba tsohuwar mota, domin ba mai damƙa sabuwa ga wanda bai gwada ba, ita kuwa tsohuwa ta fi shan mai, ta fi yawan tsayawa. Idan ta lalace a daji da kwandunan tumatir a bayanta, kwana biyu sun isa kayan su zama ruwa, sunansa kuma ya ɓaci a kasuwa tun bai yi suna ba. Mai ɗauko rake ya fi shi kwanciyar hankali, don rake yana da haƙuri.

Saboda haka ne sabon direba yake neman ciko ta hanyoyin da kowa ke gani a titi: ƙarin kaya fiye da ƙima, fasinjoji a saman lodi, tuƙin dare ba barci, wani lokaci har da ƙwayoyin hana gyangyaɗi. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha yin gargaɗi a kan haɗa mutane da kaya a tirela, kuma gargaɗin yana kan hanya. Sai dai wa'azi ba ya canza lissafi. Muddin kuɗin fasinjan nan shi ne cefanen da zai aika gida Hunƙuyi, zai ɗauke shi.

Masu motoci suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce: kayan gyara da dala ake shigo da su, wasu direbobin kuma suna sayar da mai a hanya su ce mota ce ta sha. Amma wannan ma dalili ne na rubuta yarjejeniya, ba na guje mata ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024, mai naira 70,000, ba za ta ceci direban ba, domin ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin kamasho ba, alhali yawancin masu motocin Ikara da Makarfi ɗaya ko biyu gare su.

Rassan NARTO da NURTW na waɗannan garuruwa, waɗanda ba lodin da ke tashi ba da saninsu ba, su ne za su iya tsayawa a kan takarda guda mai sauƙi kafin a miƙa wa sabon direba makulli: albashin wata tsayayye, kuɗin hanya daban bisa nisan tafiya, bayani ƙarara a kan wanda zai ɗauki asara idan mota ta lalace ba da ganganci ba, da ɗan abin da za a riƙa ba karen mota, wanda har yanzu a kwanon maigidansa yake ci.