Murhun da Ke Kashe Kansa Ba Shi Ne Mai Laifi Ba

Da asubar Janairu a garuruwan arewacin Italiya, inda sanyi ke daskarar da ruwa a waje, akwai ƙarar da magidanta suka tsana: kukan murhun ɗumama ɗaki yana shelar cewa wuta ta mutu. An danna maɓalli, wuta ta kama, ta yi rawa na minti goma, sai ta lafa, fanka ta ci gaba da juyawa a banza. A sake dannawa, a sake ganin haka. Kafin gari ya waye maigida ya yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwar murhun ta lalace, kamfani ya cuce shi. Sau tari hukuncin nan zalunci ne.

Wannan murhu ba faskaren itace yake ci ba, ba kuma gawayi ba. Abincinsa dusar katako ce da injin ya matse ta zama ƙwayoyi masu kaurin milimita 6, kamar abincin kifi, waɗanda ake kira felet. Ba a zuba musu gam. Zafi da matsi ne ke narkar da ƙaron da ke jikin itacen ya haɗe su. Wani injiniya mai suna Jerry Whitfield ya ƙera murhun a jihar Washington ta Amurka a farkon shekarun 1980, amma Italiyawa ne suka rungume shi fiye da kowa a Turai, har kamfanoni irin su Palazzetti da MCZ suka yi suna da shi.

Cikinsa ba wani sihiri. A baya akwai ɗan rumbu da ake juye buhu mai kilo 15. Ƙarfe mai murɗi, irin na cikin injin markaɗe, yana ɗebo ƙwayoyin kaɗan-kaɗan yana zubawa a ɗan kasko mai huji-huji. Wata sanda mai kama da hitar dafa ruwa ta yi ja ta kunna su, fanka ɗaya ta zuƙo iska ta cikin hujin ta fitar da hayaƙi ta bututu, wata fankar ta huro ɗumi cikin ɗaki. Sai kuma 'yan gadi biyu: na'urar da ke jin zafin hayaƙi don ta tabbatar wuta na ci, da wadda ke auna ko iska na wucewa yadda ya kamata. Da ɗayansu ya ga ba daidai ba, sai ƙwaƙwalwa ta tsayar da abinci, wuta ta mutu. Wato murhun da gangan yake kashe kansa, don kada ɗaki ya cika da hayaƙi mutane na barci.

Shi ya sa mai hankali, kafin ya kira mai gyara, yakan bari murhu ya huce ya leƙa kaskon. Kaskon shi ne babban shaida.

Idan an tarar da shi wayam, yunwa ce ta kashe wutar. Ko dai ƙwayoyin sun yi gada a cikin rumbu, sama cike ƙasa rami, ko garin da ke taruwa a gindin buhu ya cushe ƙarfen mai murɗi, ko kuma injin da ke juya shi ya gaji. Idan kuwa kaskon ya cika ya tumbatsa da ƙwayoyi baƙi-baƙi da ba su ƙone ba, gilashin ƙofa ya yi baƙi ƙirin, to numfashi aka toshe. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san abin da ke faruwa da garwashi in mai zuga ya tsaya. Toka takan narke ta daskare a gindin kasko kamar kashin maƙera, ta liƙe hujin da iska ke bi. Wata tokar ta laɓe a lungunan bayan murhu da gwiwar bututu, inda ido ba ya kaiwa. Tun kafin wutar ta mutu takan yi gargaɗi: maimakon harshe mai haske da kuzari, sai ta yi tsawo, ta yi ja-ja, tana lilo kamar mai jin barci.

Lokacin da ta mutu ma yana da abin faɗa. Wadda ke mutuwa a cikin kwata na farko na awa, alhali ta kama sosai, galibi na'urar jin zafi ce toka ta lulluɓe, ba ta ji ɗumin ba, sai ta kai rahoton ƙarya. Wadda ke mutuwa bayan sa'o'i, ko duk daren da iska ke kaɗawa, a duba bututu da igiyar da ke zagaye bakin ƙofa. Gwajin igiyar ba ya cin ko kwabo: a saka takarda a rufe ƙofa a kanta, in ta zaro ba gardama, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Haka ɗan siririn tiyon da ke zuwa na'urar auna iska, tsagewa kaɗan ko ɗigon toka ya isa ya sa murhu ya yi yaji.

Sai babban mai laifin da ba a cika tuhuma ba, wato buhun. A ma'aunin ENplus da Turai ke amfani da shi, felet mai daraja ta A1 tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari, laimarsa kuma ba ta wuce kashi 10. Yankunan kwarin kogin Po a Italiya, irin su Lombardiya da Veneto, sun wajabta amfani da A1 a ƙananan murhu saboda gurɓatar iska. Amma a 2022, bayan yaƙin Ukraine ya ɓarke kuma Tarayyar Turai ta hana shigo da katakon Rasha, farashi ya ninka, a wasu wuraren ma ya zarce haka. Mai neman sauƙi ya koma sayen buhun da ba shi da tambari, mai ɓawo da ƙasa a ciki, ko ya jibge na kirki a gareji mai danshi. Ƙwayar da ta sha laima takan kumbura ta koma dusa. Murhu ɗaya, gida ɗaya, amma sauya buhu kawai na iya mai da shi abin tsinuwa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne dabarar da wasu ke yi in sun gaji: su ɗauko guntun waya su haɗe bakin na'urar tsaro don ta daina ƙorafi. Wuta za ta zauna kuwa, amma an kori mai gadi ne don yana yawan ihu. Iskar guba da ke fita daga wutar da ba ta ci sosai ba ba ta da wari ko launi. Ita ce dai wadda ke kashe iyalai a Nijeriya in an kwana da janareta a cikin gida, ko aka rufe ɗaki da kaskon gawayi da hunturu. Ɗan'uwa da ya kama haya a Brescia ta Italiya ko Lyon ta Faransa ya tarar da irin wannan murhu, gara ya sayi na'urar gargaɗin wannan iska tun kafin labule. Akwai kuma gangancin sake kunnawa kan kasko cike da ƙwayoyin da suka ƙi ci. Hayaƙi ya taru, wuta ta kama shi gaba ɗaya da ƙara, wani lokaci har gilashi ya tsage. Littafin da ke zuwa da murhun yakan ce a zubar da kaskon tukuna, kuma kada a mayar da abin da aka kwashe cikin rumbu.

Masu sayarwa suna da nasu kason laifin. Sun tallata murhun kamar rediyo, danna ka kwanta, ba su cika jaddada cewa kasko na son shara kusan kullum ba, ko cewa in lantarki ya ɗauke komai ya tsaya cik, duk da wutar itace ce ke ci a ciki. Gaskiya ne kayan ciki na mutuwa: sandar kunnawa tana da wa'adi, fanka na cinyewa, ƙwaƙwalwa kan ƙone in lantarki ya yi wasa. Sai dai waɗannan kaya su ne ƙarshen abin zargi, kuma su ne mafi tsada.

A Faransa doka ta wajabta ƙwararre ya duba murhun, a kuma share bututun hayaƙi, aƙalla sau ɗaya a shekara. A Jamus masu sharar bututu sana'a ce mai rajista, kowane yanki da wanda aka ɗora wa alhakin dubawa. Idan irin waɗannan suka zo gidan da wuta ke mutuwa, abin da ke fara fitowa daga motarsu buroshi ne da injin zuƙe toka.