Sikeli Kafin Fiɗa

Cikin 1954 likitoci a birnin Boston na Amurka suka ciri ƙodar wani saurayi suka dasa wa ɗan'uwansa da aka haife su tagwaye, ya kuwa tashi. Aikin nan ya yi ta yaɗuwa har ya iso Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano cikin 2002. Yau mutumin Kausani wanda ƙodarsa ta gaza, in ya shiga mota a Wudil da asuba, kafin hantsi yana gaban likita. Amma samun mai ba da ƙoda da tara kuɗi ba su ne ƙarshen magana ba. Kafin a yi fiɗa sai an ɗora majinyaci bisa sikeli.

Dalili kuwa shi ne, mai teɓa da yawa rauninsa kan daɗe bai warke ba, kuma magungunan da ake ba shi don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙoda suna iya tayar masa da ciwon sukari. Lissafin likitoci bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. A ninka tsawon mutum na mita da kansa, a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Mai kilo 100 da tsawon mita 1.7 ya kusa 35. Asibitoci da yawa sukan jinkirta dashe idan lissafi ya haura 35 ko 40.

To, a nan ne al'adarmu ke yi wa majinyaci ɓarna ba da nufi ba. Mu mun ɗauki ƙiba alamar hutu, ba mu zuwa dubiya sai da soyayyen nama da lemon kwalba. Wani kuma ya ga fuska ta cika, ƙafa ta hau, ya ce mara lafiya ya murmure, alhali ruwa ne ya taru tsakanin wankin ƙoda da wankin ƙoda. Gishiri da kanwa da dunƙulen miya su ke jawo ƙishirwa, su riƙe ruwan nan a jiki, su wahalar da zuciya.

Kada kuma a gudu daga tarko a faɗa rami. Wanda ya horar da kansa da yunwa tsokarsa ce ke narkewa, ramamme kuwa ba ya jure fiɗa. Jiƙe-jiƙen rage ƙiba na kasuwa suna iya ƙarasa ɗan abin da ya rage na ƙoda. Ragewa sai a hankali, da tafiyar ƙasa kullum gwargwadon ƙarfi, da abincin da likita ya ƙayyade.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da akawuna, ku da ake kawo wa takardar asibiti ku karanta. Ku bayyana ta ga mai tukunya, domin a madafi ake yanke wannan shari'a. Ku sa a riƙa rubuta nauyin majinyaci a littafi, a kai wa likita. Ɗan'uwan da ya yarda ya ba da ƙodarsa ya yi nasa. Bai kamata kwanon tuwo ya mayar da kyautarsa baya ba.